Daga Kar Zuwa Hada a Ƙafa: Yini Guda a Tsohuwar Hanyar Raƙuma

Shekarata shida ina tuƙi a Makka, kuma mafi yawan aikina kai alhazai da masu Umara ziyara ne. Hanyar Ɗa'ifa ta Hada, garin da ke saman dutsen Kara, na bi ta har na daina ƙirge. Na san kowace kwana da ke cikinta, na san inda ake sauke giya, na san inda birai suke jeruwa a kan katangar titi suna jiran a jefo musu ayaba. Sai dai idon direba yana kan kwalta ne da motar da ke gabansa. Wata rana cunkoso ya tsayar da mu a tsakiyar hawa, na ɗaga kai, sai na hango wani siririn layin duwatsu yana bin jikin tsaunin yana lanƙwasa kamar ɗinkin hannu. Da na dawo unguwa na tambayi Kawu. Ya ce, "Darbul Jimal ke nan, hanyar raƙuma. Ta nan ake bi kafin a fasa dutsen. Babana ya bi ta ya fi a ƙirga."

Kawu maƙwabcina ne a wajen Sharar Mansur, babu jinin da ya haɗa mu, amma duk yaron da ya zo daga gida neman halalinsa a unguwar nan Kawu yake ce masa. A unguwar Jarwal ta Makka aka haife shi, ya haura sittin, bai taɓa taka Nijeriya ba, Hausarsa kuwa irin ta tsofaffin Haɗeja ce wadda Larabci ya ratsa. Mahaifinsa da ƙafa ya baro Haɗeja, ya bi ta Maiduguri da Fort Lami, wadda yau ake kira Injamena, ya wuce Abeshe da Janaina da Fashir da Ubayyid, ya tsaya ya yi ƙwadagon auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa, sannan ya tsallako daga Sawakin zuwa Jidda. Bayan ya zauna a Makka, idan zafi ya tsananta yakan haura Ɗa'ifa ya yi aiki a lambunan inabi da rumman. Titin mota na Hada kuwa sai a 1965 aka buɗe shi, zamanin Sarki Faisal. Kafin nan duk mai son yanke ta dutsen Kara, ko dai ƙafa, ko jaki, ko raƙumi.

Ni na fara cewa ina son in bi ta. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "In za ka, da ni za ka." Sai maganar ta kai kunnen Malam, wani ɗalibi daga Maraɗi da ke karatu a jami'ar Ummul Ƙura, da kuma Zol, abokinmu ɗan Mai Wurno ta jihar Sinnar da ke aikin gareji. Sunan Zol ya bi shi ne saboda haka ake kiran kowane ɗan Sudan a nan. Muka tsayar da Asabar cikin Shawwal, bayan kowa ya gama Sittu Shawwal ɗinsa. Auta, ɗan Kawu, shi zai sauke mu a gindin dutse ya haura da mota ya jira mu a sama.

Daren Juma'a na sayo tsire a Sharar Mansur, na riyal 40. Larabawan Makka sirih suke ce masa, kuma za ka ga sun yi layi a kansa, alhali tsirenmu ne da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa, kakannin su Kawu suka zo da shi. Muka haɗa da dabino da gurasar tamis, kowa kuma ya ɗauki ruwa lita uku. Zol ya dage sai da ya cusa ƙaramar butar shayi da ɗan murhun gas a jakarsa.

Muna idar da sallar Asuba muka tashi. Muka bi ta Aziziyya, muka wuce gefen Arfa tana nan wayam, babu kowa sai itatuwan darbejiya a jere cikin duhu-duhu. Daga nan aka shiga Wadi Nu'uman. Malam ya nuna mana sauran ginin magudanar Ainu Zubaida da ke bin gindin duwatsu, wadda matar Haruna Rashid ta sa aka yi fiye da shekara 1,200 da suka wuce don a jawo wa alhazai ruwa daga wannan kwari. Na sha wuce wajen da baƙi a mota, ban taɓa sanin abin da ginin yake ba. A shingen bincike na Kar, ƙauyen da ke gindin dutsen, ba a tsayar da mu ba, domin masu shiga Makka ake tsananta wa, ba masu fita ba. Ƙarfe shida da kwata Auta ya sauke mu. Ya riƙe hannun mahaifinsa ya ce, "Yaba, in ka gaji ka kira ni, wallahi ba abin kunya ba ne." Kawu ya ce, "Je ka, Allah ya yi maka albarka."

Awar farko ba ta da wani labari: tsakuwa, ƙaya, busasshen kwari, da kashin awaki. Ƙasar ta yi mini kama da bayan Zariya cikin bazara, wajen Kufena, in ban da cewa dutsen da ke gabanmu ya toshe rabin sararin sama. Mun gamu da wani makiyayi ɗan Kurdufan yana kora awakin ubangidansa. Shi da Zol suka rungume juna suna dukan kafaɗa irin gaisuwarsu, kamar sun san juna, nan take kuma hira ta koma kan yaƙin da ya ɓarke a ƙasarsu a Afrilun 2023: ina iyalinka suke, wa ya fita, wa ya rage, yaushe rabonka da jin muryarsu. Da muka rabu da shi Zol ya daɗe bai ce uffan ba.

Sai matakalar ta fara. A nan ne na tsaya na yi ta kallo, don ban zaci aikin ya kai haka ba. Duwatsu ne manya aka jera aka daidaita fuskarsu, babu siminti ko kaɗan, nauyin kowanne shi ke riƙe da na kusa da shi. Matakan ba su da tsayi, amma suna da faɗi, yadda raƙumi da kaya a bayansa zai sa ƙafa huɗu ya huta kafin ya ɗaga. A wajen kwana an faɗaɗa hanyar an yi mata katanga ta ɓangaren rami. Wasu duwatsun sun yi sumul don takawa. Wanda ya tsara wannan hanya ya san dabba, ya kuma san gajiya, domin duk inda numfashinka ya kusa ƙarewa sai ka tarar hawan ya ɗan sassauta. A gida muna da masu ginin ƙasa da suka tayar da ganuwar Zariya da ta Kano, muna alfahari da su, kuma sun cancanta. Waɗannan ma irinsu ne, mutanen da suka bar aiki ba su bar suna ba.

Wajen ƙarfe tara rana ta faɗo cikin kwarin, dutse ya fara mayar da zafi. A daidai nan kuma hanyar ta ɓace mana. Ambaliya ta cinye wani yanki nata, ta bar tarin duwatsu da yashi. Taswirar waya ba ta nuna komai sai launin ƙasa. Muka bi wata 'yar hanyar awaki ta hannun dama, muka yi kusan rabin awa muna hawa da hannu da ƙafa, har muka ga ba inda za ta kai mu sai bakin gangare. Muna tsaye muna shawara sai muka ji ana ƙwala mana kira daga ƙasa.

Wani tsoho ne siriri, da zane ɗaure a ƙugu da sanda, yana zaune a inuwar wata kurna. Kusa da shi an jera guma-guman itace masu rami a kan dakali, an rufe su da tsohuwar darduma. Amya ce. Mu a gida a kan bishiya muke rataye ta, su a ƙasa suke jera ta cikin inuwa, in furen wuri ya ƙare su kwashe su koma wani kwari. Mutumin Huzail ne, ƙabilar da ke zaune a duwatsun nan tun kafin zuwan Musulunci. Ya ce mana hanyar da muka ɗauka ko akuya sai mai ƙaramin ciki take bin ta. Ya sa muka zauna, ya ciro gurasa daga buhu, ya zuba zuma a murfin kwano. Zumar kurna ce, wadda suke kira sidir, mai kauri, tana ɗan yin zafi a maƙogwaro.

Yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya sai ya ce, "Ku Takarina ne?"

Na ga fuskar Kawu ta canza. Wanda bai zauna a ƙasar nan ba ba zai gane nauyin kalmar ba. Asalinta sunan mutanen Afirka ta Yamma ne kawai, amma an daɗe ana jifan mutane da ita a kasuwa da makaranta, kuma Kawu ya sha ta tun yana yaro, a garin da aka binne cibiyarsa. Ya amsa a taƙaice cewa shi haifaffen Jarwal ne. Tsohon bai ma lura ba. Ya ci gaba da cewa yana yaro yana ganinsu suna wucewa ta nan, ayari-ayari, kaya a ka, babu dabba, wasu da allo rataye a kafaɗa. Ya ce mahaifinsa yakan ba su nono, su kuma su yi masa rubutun sha in yaro ba shi da lafiya. Ya ce da dare in sun sauka a bakin ruwa za ka ji karatunsu yana tashi har cikin bukkoki. "Mutanen amana ne," in ji shi. "Ka ba su ajiya ka dawo bayan shekara ka tarar da ita."

Kawu ya sunkuyar da kai yana murza sandarsa. Can ya ce da Larabci, "Babana yana cikinsu." Tsohon ya miƙe, ya kama kan Kawu ya sumbaci goshinsa, alhali ya girme shi nesa ba kusa ba. Babu wanda ya yi magana a cikinmu. Da za mu tashi na zaro riyal 50 don zumar, ya ture hannuna har da ɓacin rai, ya ce mu ji tsoron Allah, baƙo ba ya biyan abin da ya ci. Ya taka da mu har inda matakalar ta sake bayyana, ya nuna mana wani farin dutse can sama ya ce kada mu bar shi ya koma bayan kafaɗarmu ta hagu.

Biran sun same mu ne a hutu na gaba. Daga cikin mota abin dariya ne, yara suna jefa musu biskit. A ƙafa, a tsakiyar gidansu, wani abu ne daban. Sun fi talatin, mata da 'ya'ya a bayansu, ga wani ƙaton namiji mai furfurar gashi har kafaɗa yana zaune a kan dutse yana hamma yana nuna mana fiƙoƙi. Malam ya ajiye ledar tsire a gefensa yana kwance igiyar takalmi. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba wani matashi a cikinsu ya fizge ta ya haye. Zol ya ɗauki dutse, Kawu ya daka masa tsawa: "Ajiye! Kada ka kalli babban cikin ido, ku tattara mu wuce." Muka wuce a hankali, suna biye da mu ta sama har kusan minti goma. Laifin ba nasu ba ne. Mutanen da ke tsayawa a titi suna ba su abinci su suka koya musu cewa duk leda abinci ce, kuma ni kaina na sha tsayawa don baƙina su ɗauki hoto suna miƙa musu ayaba. Daga ranar na daina.

Abin da ya rage mana dabino ne da tamis. Ruwa ma ya ja baya fiye da lissafinmu, saboda ɓatan da muka yi. Wanda zai bi hanyar nan, lita uku ba ta isa, ya ɗauki huɗu ko biyar ko da za ta yi masa nauyi, kuma ya fara tafiya kafin gari ya waye sosai.

Wajen sha ɗaya da rabi ƙafar Kawu ta ɗaure. Jijiyar cinyarsa ce ta murɗe, ya zauna daɓas a kan matakala yana cije leɓe. Zol ya durƙusa yana murza masa, ni na jiƙa hula na ɗora masa a ka. A sama da mu akwatunan talafirik, motocin nan da ke tafiya a kan waya tsakanin Hada da Kar, suna wucewa shiru, yara a ciki suna ɗago mana hannu. Titin mota kuma yana kusa, muna jin kukan manyan motoci a kwana. Na ce, "Kawu, ku bari in kira Auta. Kun yi abin da ya fi ƙarfin sa'o'inku." Ya ce, "Ɗana, babana ya hau nan da buhu a ka, a cikinsa babu komai sai ruwa. Ba ni minti goma."

Zol ya kunna murhunsa a bayan wani dutse ya dafa shayi da ɗan ruwan da muka yi karo-karo, ya zuba sukari da yawa. Muna sha Malam ya ce, "Kun san a wane wata muke?" Muka ce Shawwal. Ya ce a Shawwal ne, shekara ta goma da aiko shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito daga Makka zuwa Ɗa'ifa a ƙafa, shi da Zaidu ɗan Harisa, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib. Ya kira Saƙifawa, mutanen Ɗa'ifa, zuwa ga Allah, suka tura masa yara da wawaye suna jifansa har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a wani lambu, wani bawa Kirista mai suna Addas, mutumin Ninawa, ya kawo masa inabi. A hanyar komawa aka ba shi zaɓin a haɗe duwatsu biyu a kan mutanen da suka ƙi shi, ya ce a'a, yana fatan Allah ya fitar daga tsatsonsu wanda zai bauta masa shi kaɗai.

Wannan labari na san shi tun ina makarantar allo, kuma kusan duk motar da na ɗauka zuwa Ɗa'ifa sai wani ya ba da shi, ni ina tuƙi, sanyin mota yana kaɗawa, tafiyar da ba ta kai kilomita 90 ba mu cinye ta cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Ranar nan na ji shi ƙafata tana zogi, harshena ya bushe, ga tsaunukan da suka raba Makka da Ɗa'ifa tsaye a gabana. Mu da takalma masu taushi muka zo, kuma mun san akwai mota da abinci suna jiranmu a sama. Shi ya tsallake wannan ƙasa ya je, aka yi masa abin da aka yi, ya sake tsallako ta da raunuka a ƙafa, kuma addu'ar alheri ce ta fito daga bakinsa. Hawaye suka zo mini, ban ɓoye ba. Kawu ya dafa sandarsa ya miƙe ya ce, "Bismillah, mu je."

Daga nan sama duniyar ta sauya. Ƙaya ta ƙare, itatuwan ar'ar suka fara, masu duhun ganye da ƙamshi kamar an buɗe sabon akwatin katako. Iska ta juyo da sanyi. Sai ga hazo yana hawowa daga kwarin da muka baro, fari fat, yana bin jikin dutse kamar hayaƙi, kafin mu ankara ya rufe mu. Hazon da na sani a gida busasshe ne, mai fasa leɓe da dugadugai. Wannan jiƙa mutum yake yi, ka shafa gemu ka ji laima. Rigar da gumi ya jiƙe ta koma kamar ƙanƙara a bayana. Hada tana kusan mita 2,000 sama da teku, Jos da muke kuranta sanyinta ba ta wuce 1,200 da 'yan kai ba. Awa uku da suka wuce muna neman inuwa, yanzu ga mu muna rawar ɗari, a ƙasar da mutanen gida suke ɗauka babu komai cikinta sai rairayi da rana. Muka riƙa kiran juna don kada wani ya ɓace, Kawu a tsakiya, hannunsa ɗaya a kafaɗar Zol.

Ƙarfe biyu saura muka fito bakin titi a sama. Auta ya taho a guje ya rungume mahaifinsa. Muka yi alwala da ruwa mai sanyin da ke sa haƙori ciwo, muka yi Azahar, sannan muka faɗa wa masu gasa masara da masu shayi da ke bakin hanya. Masara riyal 5, shayi da na'ana'a riyal 2. Kawu ya ce shi nasa ya cika, inda mahaifinsa yake sauke kaya ya huta ya iso. Ya shiga mota. Mu uku muka ci gaba, da niyyar mu kai miƙatin Wadi Muharram kafin Magariba.

Wannan rabin tafiyar shimfiɗaɗɗiya ce, ta cikin ƙauyuka da gonaki. Gonakin ƙanana ne, an tare ƙasarsu da katangun dutse hawa-hawa don kada ruwa ya wanke ta. Ga ɓaure, ga rumman yana fure, ga barshumi mai ƙaya a bakin shinge, ga tsofaffin hasumiyoyin dutse a kan tuddai. Amma abin da ya mamaye ko'ina shi ne wardi. Lokacinsa ne, daga Maris zuwa Afrilu, 'yan makonni kawai a shekara. Tun kafin ka ga gonar ƙamshin ya riga ya iso ka.

Wani mai gona ya gan mu da jakunkuna da ƙura ya kira mu shan gahawa. A bayan gidansa akwai rumfar da ake dafa furen. Ya ce tsinka da sassafe ake yi, kafin rana ta ɗaga, domin zafi yana kwashe man. Mun tarar an gama awo, furen yana zube a ƙasa a kan shimfiɗa, tari guda ruwan hoda har gwiwa. Manyan tukwanen tagulla ne a jere a kan wuta. A zuba fure da ruwa, a rufe da murfi mai kama da hula, tururin ya bi ta bututu ya ratsa cikin ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga cikin ƙatuwar kwalba. Man yana taruwa a wuyan kwalbar, siriri kamar zare, a zuƙe shi da sirinji. Fure fiye da 10,000 ne ke ba da tola ɗaya, wadda ba ta cika giram 12 ba. Na tuna 'yan kasuwarmu da ke zuwa suna taya wardin Ɗa'ifa suna cewa ya yi tsada. Da sun ga bayan mutanen da suka sunkuya tun asuba suna tsinka ɗaya-ɗaya cikin ƙaya, da sun rage ciniki. Da wannan ruwan wardi ake haɗa Zamzam a wanke ɗakin Ka'aba. Mai gonar ya watsa mana furen a ka, yadda suke yi wa baƙi, ya cika wa Malam hularsa da shi. Na sayi kwalbar ruwan wardi biyu, riyal 25 kowacce, ɗaya ta matar Kawu, ɗaya zan aika wa mahaifiyata Zariya.

Sauran tafiyar gefen kwalta ce, ƙafa ta yi bororo, kowa ya yi shiru. Ana kiran Magariba muka shiga harabar masallacin miƙati. Wayar Zol ta nuna mun yi kilomita 18 da ɗoriya.

A cikin Ɗa'ifa muka kwana, a irin gidajen nan da ake haya da kayansu, ɗaki biyu da falo riyal 220. Mai karɓar baƙi ya duba igamar kowa, wato takardar izinin zama, a waya kafin ya ba da makulli. Abin da ya ba ni mamaki, ba mu kunna na'urar sanyi ba, bargo muka nema. A Makka a wannan watan ba za ka iya ba. Muka ci salik, abincin garin, shinkafa da aka dafa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, da kaza a kai da man shanu. Faranti babba na mutum biyar riyal 110. In aka haɗa da mai da tsiren da birai suka ci da ƙananan abubuwa, kowa bai kashe fiye da riyal 120 ba.

Da safe muka yi sallah a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a garin a shekara ta 68 bayan Hijira, muka leƙa masallacin Addas a Masna, sannan muka koma Wadi Muharram muka ɗaura harami. Auta ne ke tuƙi, don haka karo na farko na sauka dutsen Kara a kujerar fasinja, goshina a jikin gilashi. Muna talbiyya Kawu yana nuna mana da yatsa: ga inda muka sha shayi, ga farin dutsen, can ƙasa kuma kurnar tsohon. A shingen Kar wannan karon an tsayar da mu, domin Hajji ya matso. Jami'in ya duba ya ga igamarmu ta Makka ce, ya dubi haraminmu ya ce Allah ya karɓa. Ɗawafi da Safa da Marwa a ranar sun ɗauke mu ninkin lokacin da muka saba, Kawu yana ɗingishi, ya ƙi yarda a ɗauko masa keke.

Bayan wata guda na ɗauki wasu alhazai daga Katsina zuwa Ɗa'ifa. A tsakiyar hawa, inda aka ware wajen tsayawa, na faka na nuna musu layin duwatsun, na ce ta nan mutanenmu da suka zo da ƙafa suke bi. Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce in buɗe mata ƙofa. Ta fito tana dafa mota, ta tsaya a bakin katanga iska tana kaɗa mayafinta. Ta ce kakanta ya fita Hajji da ƙafa tun mahaifinta yana goye, daga Fashir aka samu saƙonsa na ƙarshe, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta tambaye ni, "Ɗan nan, in ya iso, nan zai bi?" Na ce mata, "Hajiya, in ya hau Ɗa'ifa ta dutsen nan, nan zai bi." Ta ɗaga hannu ta daɗe tana addu'a, sauran alhazan suka sauko ɗaya bayan ɗaya suka tsaya a bayanta suna cewa amin.